Haɗa Matatar Ruwa a Tafkin Lambu da Akwatin Kifi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayani a kan yadda ake haɗa matatar ruwa domin kifin da ake ajiyewa a gida, ko dai a ɗan tafkin siminti irin wanda akan gina a lambu ko farfajiya, ko kuwa a akwatin gilashi irin wanda akan girke a falo ko ofis. Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu kuwa shi ne wani koke da muka sha ji daga bakin masu sha'awar ajiye kifi. Mutum zai kashe kuɗinsa ya gina tafki, ya sayi inji, ya zuba kifi masu tsada, amma kafin wata ya zagayo sai ya wayi gari ya tarar da su rigingine a saman ruwa. In an tambaye shi, amsar ɗaya ce kullum: "Wallahi ruwan garau yake, har ƙasan tafkin ana gani."

Wannan amsa ita ce ta ƙunshi matsalar baki ɗayanta. Bahaushe ya daɗe da sanin tace ruwa. Yakan tace da ƙyalle ko rariya, yakan jefa alif ko dakakkun 'ya'yan zogale domin laka ta kwanta, sa'an nan ya zuba a randa. A duk waɗannan dabaru ido ne alƙali: in ruwa ya washe, to, ya tatu. Ga kifi kuwa wannan hukunci bai isa ba, domin gubar da ke kashe shi narkakkiya ce, ba ta da launi, babu kuma ƙyallen da zai iya tare ta. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa matatar kifi mazauni ce ta waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu masu cinye wannan guba, kuma duk wata shawara da za a yanke, kama daga girman inji da irin tsakuwa har zuwa ranar zuba kifi da yadda za a yi wanki, tana komawa ne ga rayuwar waɗannan halittu.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu warware wani ƙulli na kalmomi. An saba fassara bakteriya da "ƙwayoyin cuta" a littattafan makaranta da gidajen rediyo. Wannan fassara ba za ta yi mana aiki a nan ba, tun da yake waɗanda muke magana a kansu ba sa sa ciwo, magani ma suke yi. Saboda haka za mu riƙa kiran su bakteriya kawai, ko kuwa ma'aikatan matata.

2.0 Gubar da Kifi ke Fitarwa

Duk abincin da ke ɗauke da furotin yana ɗauke da sinadarin naitirojin. Ɗan Adam da awaki da shanu sukan fitar da rarar wannan sinadari ta hanyar fitsari, bayan hanta ta rage masa dafi. Kifin ruwan daɗi ba ya wannan wahala. Yakan fitar da shi kai tsaye a matsayin amoniya, galibi ta mashaƙar iskar da ke gefen kansa, ruwa ya kwashe. A Kogin Kwara ko Tafkin Cadi wannan ba abin damuwa ba ne saboda yawan ruwa. A tafkin lambu kuwa kifi yana zaune ne a cikin abin da ya fitar, ga kuma kashinsa da ragowar abinci da ganyayen da suka faɗa ciki, waɗanda su ma in sun ruɓe amoniya suke bayarwa.

Bari mu ɗauki misali guda wanda za mu riƙa komawa kansa har ƙarshen takarda. A ce tafki yana da tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin santimita 60, watau yana cin ruwa lita 1,800. A ce kuma ana zuba wa kifin ciki abinci giram 50 a rana, mai furotin kashi 40 cikin ɗari. Bisa lissafin da masanan kiwon kifi ke amfani da shi, akan ninka nauyin furotin da 0.092 a sami nauyin naitirojin da zai fito a matsayin amoniya. A nan zai kama giram 1.8 da ɗan ɗoriya, watau kimanin miligiram 1 a kowace lita, kowace rana ta Allah.

Ko wannan miligiram ɗaya zai yi kisa ko ba zai yi ba, ya danganta ga abu biyu: zafin ruwa, da matsayinsa a ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Amoniya a cikin ruwa tana da kama biyu, ɗaya mai sauƙin dafi, ɗaya mai ratsa jikin kifi ta illata shi. A zafin digiri 30, in pH yana 7, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. In ya hau 8 sai ta zama kashi 7.5, in ya kai 9 sai ta doshi kashi 45. Kifi kuwa yakan fara jin jiki tun daga wajen miligiram 0.05 na mai dafin a lita. Ke nan amoniyar yini guda a tafkinmu ba ta da wani haɗari a pH 7, amma a pH 8 ta riga ta ƙetare iyaka. Abin lura a nan shi ne sabon siminti yakan saki farar ƙasa cikin ruwa ya ɗaga pH, haka nan ruwan da gansakuka ta mai da shi kore yakan kai 9 da la'asar. Wannan ne dalilin da ya sa akan jiƙa sabon tafki na makonni, ana zubar da ruwan ana sakewa, kafin a kai ga maganar kifi.

Akwai bakteriya masu cin amoniya su mai da ita nitirayit. Sai dai shi ma nitirayit guba ne, domin yakan shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya riƙa haki ko da akwai iska a ruwan. Waɗansu bakteriyan kuma sai su karɓi nitirayit su mai da shi nitiret, wanda dafinsa kaɗan ne, shi ne ma abin da manomi ke nema a takin zamani. Waɗannan matakai biyu su ne ainihin aikin matata.

3.0 Yadda Aka Gano Ma'aikatan

A 1850 wani masanin sinadarai a Landan mai suna Robert Warington ya ba da rahoton yadda ya ajiye kifin zinariya tare da ciyawar ruwa da dodon koɗi a cikin tulun gilashi, suka daɗe ba tare da an sake musu ruwa ba. Daga nan sha'awar ta yaɗu, aka buɗe gidan kifi a gidan namun dajin Landan a 1853, Philip Henry Gosse kuma ya fitar da littafinsa a 1854 wanda ya yayata kalmar akwariyom. Mutanen wancan zamani sun ɗauka tsirrai ne kaɗai ke gyara ruwa.

Gwajin da ya fi dacewa da batunmu an yi shi ne a Faransa a 1877. Schloesing da Müntz sun cika wani dogon bututun gilashi da yashi da ɗan dutsen farar ƙasa, suka riƙa ɗiga masa ruwan kwata a hankali. Har kwana ashirin amoniya tana shiga tana fita yadda take. Bayan nan sai nitiret ya fara bayyana, amoniya ta ɓace. Da suka busa tururin kulorofom, watau maganin sa barci, sai aikin ya tsaya cak. Da suka zuba ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki, sai ya dawo. A ganinmu babu wani darasi game da matatar kifi da wannan gwaji bai ƙunsa ba: yashi shi kaɗai ba ya kome, sai an yi haƙuri na makonni, guba tana tsai da aikin, kuma ana iya ɗauko iri daga wani wuri a dasa. Ɗan wancan Warington, wanda shi ma sunansa Robert, shi ne ya nuna a cibiyar binciken noma ta Rothamsted cewa aikin hawa biyu ne, sa'an nan Sergei Winogradsky ya ware halittun kansu a 1890 da 1891. Daga aikinsa ne aka sami sunayen Nitrosomonas da Nitrobacter.

Kusan shekara ɗari littattafan kiwon kifi suna nanata waɗannan sunaye biyu. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna cewa a akwatunan ruwan daɗi Nitrospira ce ke cin nitirayit. A 2005 aka ware wata halitta daga wani tanki na gidan kifin birnin Siyatil a Amurka, mai cin amoniya, wadda ba ma bakteriya ba ce, daga dangin da ake kira akiya take. Bincike na baya kuma ya nuna irin wannan dangi suna da yawa a matatun akwatunan gida. A 2015 aka gano waɗansu nau'o'in Nitrospira masu iya yin hawa biyun su kaɗai, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin masu binciken ma daga matatar gidan kiwon kifi ta samo nata. Ga mai tafki dai sunayen ba su da wani muhimmanci. Halayensu ne ke da shi, kuma duk ɗaya ne: suna manne ne a jikin abu cikin wani yauƙi mai santsi, ba sa yawo a ruwa, ba sa aiki sai da oksijin, sa'an nan suna da nawar haihuwa, domin yayin da bakteriyar hanji ke rabuwa biyu cikin minti ashirin, su sukan ɗauki kusan yini ko fiye.

4.0 Haɗa Matatar Tafki

4.1 Lissafi

Tun da yake ma'aikatan nan a jikin abu suke zama, tambaya ta farko ita ce faɗin filin da za a ba su. In an yi lissafi da taka-tsantsan, murabba'in mita ɗaya na yauƙi yana iya cinye kimanin giram 0.2 a rana. Tafkinmu mai giram 1.8 yana bukatar wajen murabba'in mita 10 ke nan. Tsakuwa mai kaurin santimita 2 tana ba da kimanin murabba'in mita 180 a kowace lita 1,000, saboda haka lita 55 zuwa 60 za ta isa. 'Yan robobin nan masu kama da ƙafar keke, waɗanda aka ƙirƙiro a ƙasar Nowe a ƙarshen shekarun 1980 domin tace ruwan kwata, suna ba da kusan 500, watau lita 20 ta wadatar. Mu dai shawararmu a ninka abin da lissafi ya bayar, domin kifi yana girma, mai gida kuma ba ya rasa ƙaro wani.

Tambaya ta biyu ita ce iska. Kowane giram na naitirojin yana cin giram 4.57 na oksijin kafin ya zama nitiret. Matatarmu za ta sha fiye da giram 8 a rana. To, ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe miligiram 9.1 a lita, mai digiri 30 kuwa 7.6 ne iyakarsa, watau tafkin gaba ɗaya bai riƙe da abin da ya kai giram 14 ba ko da ya ƙoshi. Matata ita kaɗai tana shan fiye da rabin wannan, ba a zo ga numfashin kifi ba tukuna. Lalle ne ruwa ya riƙa motsi yana haɗuwa da iska dare da rana.

Ta uku ita ce inji. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce duk ruwan tafki ya ratsa matata sau ɗaya a cikin awa ɗaya zuwa biyu, watau lita 900 zuwa 1,800 a awa ga namu. A nan ne masu saye kan ruɗu. Adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali na injin da ba ya ɗaga ruwa sama ne. Da zarar an ce ya hau da ruwa mita ɗaya ta cikin siririn tiyo mai lanƙwasa, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. A duba jadawalin da ke bayan kwalin, a zaɓi wanda zai ba da abin da ake so a tsayin bakin matata.

4.2 Gini

Ba sai an sayi matata 'yar kanti ba. Duron roba mai cin lita 200 ya isa, muddin an tabbata bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man fetur ko wani sinadari ba. Akan girke shi a gefen tafki, a inuwa, gindinsa bisa bulo. Bututun shiga yakan bi ta sama ya gangara har ƙasan duro. A ƙasan akan bar fili kamar taƙi ɗaya, a ɗora raga mai ƙarfi bisa 'yan bulo, domin nan ne laka mai nauyi za ta kwanta, nan kuma za a sa kan famfo na zubar da ita. Bisa ragar sai a jera abin tare datti, kamar tsohon taru da aka wanke aka cukurkuɗa ko soson matata mai manyan ƙofofi. Bisa wannan sai mazaunin bakteriya: tsakuwa, ko tsingaro, ko murafun kwalaben roba, a ƙunsa su cikin buhunan raga irin na albasa domin sauƙin ɗagawa. Ruwa zai taso daga ƙasa ya ratsa su ya fita ta bututun da ke kusa da baki, ya zubo cikin tafki daga sama yana fantsama.

Wannan jeri ba a juya shi. In ruwa mai datti ya fara isa ga tsakuwa, laka za ta lulluɓe yauƙin, iska ta kasa kaiwa gare shi, waɗansu bakteriya masu saurin haihuwa kuma su mamaye wurin. Soson katifa yakan toshe da wuri, soson gargajiya na yaɗo kuwa ruɓewa yake yi ya ƙara datti. Game da gawayi, mutane suna ba shi girman da ya fi ƙarfinsa. Wanda aka sarrafa a masana'anta yana tsotse launi da wari da ragowar magani na 'yan makonni, amma ba ya kama amoniya yadda za a dogara da shi. Na murhu kuwa amfaninsa bai wuce na tsakuwa ba.

Akwai ƙananan abubuwa da sai wanda ya taɓa ƙonewa ya san su. Bututun fita dole ya fi na shiga faɗi, ninki biyu ma, domin na shiga inji ne ke tura shi, na fita kuwa gangara ce kawai. In ba haka ba duro zai yi ambaliya ya kwashe tafki cikin dare. A huda ɗan rami a ƙololuwar bututun shiga, daga cikin duro, domin in wuta ta ɗauke kada bututun ya zuƙo lakar ƙasan duro ya mayar cikin tafki. A ajiye inji a ƙuryar da ta fi nisa da inda ruwa ke zubowa, kuma a ɗora shi bisa bulo, don ko tiyo ya kwance a sami ruwan da zai rage wa kifi. Wutar injin kuwa ta bi ta na'urar da ke yanke lantarki in ya zurare, kuma kada a tsoma hannu a ruwa sai an zare filogi.

5.0 Akwatin Gilashi

Ƙa'idar ba ta canza ba, sai dai ma'auni. A akwati akan so ruwa ya zagaya kamar sau huɗu a awa. Matatar da aka fi yayi a da ita ce ta ƙarƙashin tsakuwa, wadda ke jan ruwa ta cikin shimfiɗar akwatin. Tana aiki, amma datti yakan taru a inda hannu ba ya kaiwa. Akwai ta gwangwani wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin teburi, mai ƙarfi da tsada. Ga akwatin da bai wuce lita 100 ba mun fi amincewa da matatar soso, watau dunƙulen soso da ake tsomawa a ruwa, ƙaramin injin iska yana hura kumfa ta tsakiyarsa. Ba ta da kyan gani, amma tana tacewa tana ba da iska a lokaci guda, ba ta zuƙe 'ya'yan kifi, kuma akwai injinan iska masu aiki da batir.

6.0 Rainon Matata

Matatar da aka gama haɗawa yau kango ce, ba kowa a ciki. Kafin ma'aikata su cika ta akan ɗauki mako huɗu zuwa shida, kuma a cikin wannan tazara ne yawancin kifin da muka ambata a gabatarwa ke mutuwa. Da farko amoniya ce ke hauhawa. In ta fara sauka sai nitirayit ya karɓa, kuma shi ya fi daɗewa, a daidai lokacin da mai tafki ya saki jiki yana ganin an tsallake.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a yi rainon babu kifi. A cika tafki, a kunna inji, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe, ana gwada ruwan duk bayan kwana biyu ko uku da kayan gwaji na ɗigo. Ranar da amoniya da nitirayit suka koma sifiri, nitiret kuma ya bayyana, matata ta nuna. In an sami buhun tsakuwa ko soso daga wani tafki mai lafiyayyun kifi, a kawo shi a jiƙe a sa cikin sabuwar matata. Wannan yakan rage jiran ƙwarai, kuma shi ne abin da Schloesing da Müntz suka yi da ƙasar lambu. Ko bayan nan ma kaɗan-kaɗan ake zuba kifi, domin yawan ma'aikata daidai yake da yawan abincin da suka saba samu. In kuwa an riga an yi kuskure kifi na ciki, sai a rage abinci ƙwarai, a riƙa sake sulusin ruwa, a zuba gishirin girki kamar rabin giram zuwa giram 1 a lita, domin gishiri yana hana nitirayit shiga jini.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda aka zuba musamman don kashe bakteriya, ba ya kuma bambanta mai cuta da mai amfani. A bar shi ya kwana biyu a buɗe ana motsa shi, ko a sa maganin kashe kulorin. In da kuloramin aka tace shi, kwana ba ya fitar da shi, sai maganin. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da wannan matsala, amma yakan fito da ƙarancin oksijin, wani kuma da ƙarfe, saboda haka a fantsama shi ya sha iska kafin ya shiga.

Kada kuma juriyar tarwaɗa ta yaudari kowa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta shaƙar iska daga sarari, shi ya sa take rayuwa a ruwan da ba ya motsi. Wanda ya saba kiwonta ya ɗauko wannan hali ya kawo wa kifin zinariya ko koyi na Japan, ko ma karfasa, zai yi asara.

7.0 Wanki, Wuta da Yanayi

Mun taɓa ganin wani tafki a farfajiyar wata ma'aikata wanda ya shekara biyu lafiya. Aka sami sabon mai kula da lambu, mutum mai tsabta da himma. Ya buɗe duro ya ga tsakuwa ta yi yauƙi, sai ya kwashe ta ya wanke da garin sabulu ya shanya a rana, ya mayar tana ƙyalli. Cikin mako guda kifin suka fara mutuwa, ya kuwa rantse bai yi kome ba sai gyara. Gaskiya ya faɗa; laifin na waɗanda ba su yi masa bayani ba ne. Ƙa'ida ita ce a buɗe famfon ƙasa a zubar da laka duk mako, a wanke taru ko soson tare datti duk lokacin da ruwa ya rage gudu, amma tsakuwa ba a taɓa ta sai ta toshe, sa'an nan a ɗauraye ta sama-sama a bokitin ruwan tafkin kansa, rabi yau, rabi bayan mako biyu. Haka nan in za a sa wa kifi maganin kashe bakteriya, a ware shi a wani mazubi.

Ɗaukewar wuta ita ce babbar jarrabawa a wurarenmu. In inji ya tsaya, tsakuwar da ke nutse cikin duro takan shanye iskar da ke ciki cikin 'yan awoyi. Bakteriyan matata ba sa mutuwa nan take, amma lakar da ke ciki takan fara ruɓa marar iska, mai fitar da gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda shi ma guba ne. In wuta ta daɗe ba ta zo ba, a fara zubar da ruwan duro ta famfon ƙasa kafin a bar shi ya koma tafki. Saboda wannan ne muke ganin inda wuta ba ta da tabbas gara a juya tsarin: a tare datti a wani ƙaramin mazubi tukuna, sa'an nan a yayyafa ruwan daga sama ya tsiyaye ta cikin tsakuwar da ba ta nutse ba. Irin wannan ko inji ya tsaya tana cikin iska, abin da ake bukata kawai kada ta bushe, sai a rufe ta a riƙa yayyafa mata ruwa. Mai son haɗa farantin hasken rana kuma ya tuna cewa inji mai wat 30 yana cin wat-awa 720 a kwana, kuma fiye da rabin wannan daga batir zai fito. Kashe inji da dare don tsimi kuskure ne, domin gab da asuba ne oksijin ya fi ƙaranci, bayan tsirrai da gansakuka sun kwana suna sha ba sa bayarwa.

Kowane lokaci na shekara da irin nasa. A bazara, sa'ad da zafin rana a Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, iska takan ragu a ruwa, dafin amoniya ya ƙaru, kifi kuma ya fi cin abinci, duk a lokaci guda. Rumfa bisa rabin tafki tana taimakawa ainun. Da hunturu ƙura ce ke toshe soso, sanyin dare kuma ya rage wa bakteriya kuzari, sai a rage abinci. Da damina a tsare tafki daga kwararar ruwan lambu mai ɗauke da taki ko maganin feshi.

Saura abu biyu da matata ke haifarwa da kanta. Na farko, aikinta yana cinye sinadarin da ke tare tsami a ruwa, giram 7.14 ga kowane giram na naitirojin, watau kimanin giram 13 a rana a tafkinmu. In ya ƙare pH yakan faɗi, in ya gangara ƙasa da 6.5 bakteriya su yi sanyi. Buhun ƙumba ko gutsattsarin dutsen farar ƙasa a cikin duro yana maganin wannan, domin yana narkewa ne a hankali gwargwadon bukata. Kada a ce za a gyara da kanwa, tana ɗaga pH farat ɗaya, mun kuwa ga abin da wannan ke yi wa amoniya. Na biyu, nitiret yana taruwa, shi ne kuma abincin gansakuka. Fitilar nan mai haske mai kashe ƙwayoyi, wadda ake sawa a hanyar ruwa, tana washe koren ruwa, sai dai ba ta rage nitiret ko kaɗan. Abin da ke rage shi shi ne a kwashe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk mako a ba shukokin lambu, waɗanda za su ji daɗinsa, tare da dasa tsirrai a tafkin. Bado yana ba da inuwa, kainuwa kuma tana zuƙe nitiret da sauri, da sharaɗin a riƙa kwashe rararta kada ta rufe fiye da sulusin fuskar ruwa. Abin da aka kwashe a shanya shi ya bushe a zuba a ramin taki, kada a watsa shi a magudana ko rafi.